Kwanon Shayin da Na Jiƙa a Jabel

Ni sana'ata kayan kicin ce. Faranti, kofuna, kuloli, da setin tangaran irin wanda ake jera wa amarya a kabad ta shekara biyar ba ta taɓa shi ba. Sau biyu a shekara nake zuwa Guangzhou saro su, in yi wata ɗaya ko fiye, sai na ga an rufe kwantena a gabana sannan in koma Kano. Idona a abu ɗaya ya ƙware, wato neman aibi. Ko ɗigon baƙi ne kamar kan allura a bakin kofi sai na gan shi, in tura wa mai shago, wanda a can ake ce wa Lauban, in ce, “Lauban, wannan fa?” Shi kuma ya dafe kai, don ya san Hajiya ba ta barin ko guda ya wuce.

A irin wannan shagon na fara ganin tsohuwar. 'Yar ƙarama ce, gashinta fari fat, da tabarau mai kauri. Sai ta ɗauki kofi ta kifa shi, ta kawo shi dab da hancinta, ta shafa gindinsa da babban yatsa, ta ajiye, ta ɗauki wani. Da farko na zaci farashi take nema. To amma wa yake rubuta farashi a gindin kofi a shagon sari? Na ƙirga mata kofi tara ba ta sayi ko ɗaya ba. Ni kuwa Allah Ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf, tun ina yarinya ake dukana a kan tambaya ban daina ba. Na matsa na ce mata da guntun Turancina na kasuwa, “Mama, me kike nema a ƙarƙashin nan?”

Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa. Turancinta bai fi nawa ba. Ta ce, “Mutum nake nema. Babu kowa.”

Tabɗi! Na ce a raina ko dai tsohuwar nan ta ɗan taɓu ne. Ashe wanda ya yi kofin take nufi. Wai idan hannu ne ya gina abu, a gindi yake barin alamarsa, yadda ya yanke, yadda ya riƙe, ko mai gaggawa ne ko mai haƙuri. Kayan inji kuwa duk gindinsu ɗaya. A nan na ji cewa ita ba 'yar China ba ce, 'yar Japan ce, maginiya, ta biyo 'yarta da ke aiki a unguwar Tianhe, kuma tana da ɗan ɗaki a can inda take koyar da ginin yumɓu. Ta rubuta mini sunan tashar jirgin ƙasa a bayan rasit ta ce in zo in gani.

Da na koma masaukinmu da ke kusa da titin Guangyuan na ba Hajiyar Maraɗi labari. Ita ce abokiyar ɗakina duk zuwa, atamfa da mayafai take sara a kasuwar Shahe. Ta ce, “Ke dai kin cika shisshigi. Tun daga Kano kika hau jirgi don ki je kallon masu ginin tukwane? Ba ku da su a gida?”

Muna da su mana. A ƙauyen su mahaifiyata akwai unguwa guda ta magina, a wurinsu kowa ke sayen randa da tulu da tukunyar miya. Amma wallahi ban taɓa jin an tambayi sunan wadda ta gina randa ba. A ƙwanƙwasa, in ta yi ƙara mai kyau a biya a ɗauka. Shi ya sa da na isa Tianhe na hau bene hawa na goma sha huɗu, tsakanin ofisoshi, na ga manyan ma'aikata sun tuɓe kwat sun ɗaura ƙyallen aiki suna rusuna wa tsohuwar nan suna ce mata “Lawshi”, wato malama, sai na riƙe baki. Daga ranar ni ma Malama nake ce mata. Ita kuma ta ji ana ce mini Hajiya ta kama.

Duk Lahadi sai na je. Ba koyo nake ba, sau ɗaya na zauna gaban faifan nan mai juyawa da suke gini a kai, yumɓun ya yi tsalle ya manne mini a gyale, na ce na gode. Tambaya ce ke kai ni. Inda Turancinmu ya ƙare sai mu koma waya ta fassara mana, inda wayar ta yi shirme mu koma hannu.

Ta ce tana da shekara ashirin da 'yan kai ta je wani ƙaramin gari a bakin teku ta roƙi wani tsohon magini ya ɗauke ta. Sau uku yana korar ta, don a lokacin ba a cika ɗaukar mata ba, a wasu wuraren ma ba a yarda mace ta matsa kusa da tanderu ranar gasa tukwane. Da ya gaji ya ɗauke ta, shekara uku cur ba ta taɓa faifan ba. Shara, faskare, da cuɗa yumɓu, shi ke nan.

Na ce, “Shekara uku kina cuɗa laka? Kuma kika zauna?”

Ta ce ai ba ta iya ba ne. Ta tashi ta nuna mini, tana danna yumɓun da tafin hannu tana juya shi kaɗan kaɗan, har ya fito da layi-layi kamar fure. Wai in iska ko kaɗan ta ɓuya a ciki, a wuta abin zai fashe ya ɓata na kusa da shi. Bayan nan aka ba ta faifai, aka ce kofi iri ɗaya za ta yi ta yi, ba wani abu ba. Da yamma malamin ya zo da siririyar waya ya raba kowane kofi gida biyu, ya duba kaurin jikinsa, ya jefa a bokiti. Ba faɗa, ba yabo. Na ce ni kam sati biyu ba zan yi ba, da na kifa masa bokitin a ka na kama gabana. Ta yi dariya har tabaraunta ya zame.

A wurinta na ji cewa maginan ƙasarsu kala-kala ne kamar yadda masu tuwo suke, kowa da hannunsa. Akwai waɗanda ba sa shafa wa tukunya komai, su jera ta a tanderu su yi ta zuba itace kwana da kwanaki ba barcin kirki, tokar da ke tashi ita ce za ta narke a jikin tukunyar ta ba ta launi. Akwai masu yin farin tangaran siriri, in ka ɗaga shi a rana har inuwar yatsunka kake gani. Wasu suna buga hatiminsu a gindi, su sa kayan a akwatin katako su rubuta suna a murfi. Wasu kuma sun ce sam, kwano na mai amfani da shi ne, ba su sa suna. Malaminta yana cikin waɗannan. Na tambaye ta to yaya ake gane nasa? Ta ce kamar yadda nake gane muryar mahaifiyata a waya ba sai ta faɗi suna ba.

Duk zuwan da na yi, a kwano ɗaya take shan shayi. Ba kofi ba ne, kwano ne da ake riƙewa da hannu biyu. Kuma gaskiya a idona ya cika muni. Bakinsa a karkace, ta gefe ɗaya ya ɗan lotsa. Jikinsa duk ya yi ƙananan tsaga kamar zare, tsagar ta yi baƙi-baƙi, cikinsa ya yi ja ya dafe, a baki kuma akwai tabo biyu masu duhu suna kallon juna. Ta ce malaminta ne ya gina shi, ya sha shayi a ciki shekara goma sha takwas, ranar da za ta bar gidansa ya miƙa mata, ita ma ta yi ashirin da biyar tana sha. Ba ta da wani abu nasa sai shi.

Kun ga ni da na tambaye ta komai, har nawa take biyan haya sai da na tambaya, abu ɗaya ne ban tambaya ba, shi ne me ya sa kwanon ya yi dauɗa haka. Kunya ce ta hana ni. Na san idonta akwai yana, na ga yadda take kai abu dab da hanci kafin ta gani. Sai na ce a raina baiwar Allah ba ta ganin dattin ne, 'yarta kuma aiki ya sha mata kai. Ina zan buɗe baki in ce wa sa'ar uwata kwanonta ya yi ƙazanta?

A zuwana Guangzhou na uku bayan mun saba, lokacin da garin ke yin wannan danshin nasu da bango ke zufa, kaya su ƙi bushewa, ta ce za ta tafi Japan a yi mata aikin ido, sati uku, tare da 'yarta. Ta naɗe kwanon a ƙyalle ta miƙo mini. Wai in aka rufe shi a wannan danshin zai yi funfuna, dole kullum a sha shayi a ciki a shanya shi. Ɗalibanta tsoronsa suke, za su kulle shi a kabad ne. Ni kuwa ta lura ba na tsoron kwanuka.

Ta ce, “Hajiya, ruwan ɗumi kawai. Ki ɗauraye ki kife. Ba sabulu, kada ki wahalar da shi.”

Na ji ta sarai, ba wai ban gane ba. Amma a Kano in maƙwabciya ta aiko miki da abinci ta ce kada ki wahalar da kanki da wanke kwanon, ai lokacin ne ma za ki dirje shi har ki ga fuskarki a ciki. Kuma ba a mayar da kwano haka nan, sai an saka wani abu. Haka aka tarbiyyantar da ni, haka na tarbiyyantar da 'ya'yana. Sai na ɗauki maganarta a matsayin kara.

Sati uku ina shan shayi a ciki, ina ɗaurayewa da ruwa kamar yadda ta ce. Kuma abin mamaki, riƙe shi akwai daɗi, ba ya ƙona hannu, yana zama a tafi daram. Amma kullum in na kalli cikinsa sai raina ya sosu. Ana jibi za ta dawo na ce wa Hajiyar Maraɗi, “Kin san me ke damuna? Tsohuwar nan za ta dawo da sabon ido. Abin da za ta fara gani shi ne shekara da shekaru tana shan shayi a cikin wannan gaban ɗalibanta. Kunya za ta kashe ta.”

Ta leƙa ta ce, “Subhanallahi! Ko kaji ba na ba ruwa a nan.”

Na sa sabulu da soso, ko gezau. Na sa soson ƙarfe a hankali, cikin ya ɗan saki, amma tsagar nan tana nan. Sai Hajiyar Maraɗi ta ce, “Ku mutanen Najeriya kun cika wahala. Jiƙa shi a jabel ya kwana.” Jabel shi ne bilic a bakinsu. Na tsiyaya a roba na ƙara ruwa na nutsa kwanon, har ina yi mata addu'a.

Da safe na ɗaga shi, kai, sai da na yi guɗa ƙasa-ƙasa. Ya yi fari mai ɗan ja-ja kamar nonon da aka ɗiga wa zoɓo, tsagar ta ɓace sai ka ƙura ido, tabo biyun nan na baki babu su. Abu ɗaya ya gagare ni, wasu tambura uku a gindi, inda ruwan ƙyallin da ake shafa wa tangaran bai rufe ba, yumɓun na nan da kaushinsa. Na dirza na dirza suka ƙi fita, na haƙura. Na cika shi da dabinon da na zo da shi daga gida, na naɗe a sabon ƙyalle, na haɗa da tsohon. A cikin jirgin ƙasa zuwa Tianhe ni kaɗai nake murmushi.

Na same ta ba tabarau. Tana ganina ta ce, “Hajiya, ashe gyalen nan naki akwai furanni a jiki!” Muka yi dariya, na yi mata barka, na ce Allah Ya ƙara lafiya. Sannan na ajiye ƙullin a gabanta ina jiran godiya.

Ta kwance. Ta kwashe dabinon ɗaya bayan ɗaya ta jera a tebur. Ta daɗe tana kallon cikin kwanon. Ta kai shi hanci ta sansana, ta kawar da kai. Sannan ta kifa shi, ta sa yatsunta uku a kan tamburan nan da na kasa fitarwa, suka zauna cif. Sai a lokacin na gane ba datti ba ne. Wurin da malaminta ya riƙe ne ranar da ya tsoma kwanon a ruwan ƙyalli.

Na ce, “Malama, lafiya?”

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce irin wannan yumɓun da gangan ake barin sa yana shan ruwa, tsagar ma da gangan ce, don shayi ya riƙa shiga a hankali yana canza masa launi. Magini rabin aikin yake yi, mai sha ne ke ƙarasawa. Tabon da ke wurin da bakin ya lotsa, nan malaminta ke sa baki. Ita kuma ba ta taɓa sa baki a wurinsa ba, ta ɗaya gefen take sha, shi ne tabo na biyu. Ta ce shekara biyar ke nan ba ta ganin launin sai dishi-dishi. A asibiti da aka kwance mata bandeji aka tambaye ta me take so ta fara gani, ta ce akwai wani kwano da ke jiran ta a Guangzhou.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni da nake ganin ɗigo kamar kan allura, shekara arba'in da uku na mutum biyu na gani na ce datti ne. Na durƙusa a gabanta, ni da ko a gaban jami'an kwastan ba na rusunawa, na ce ta yafe mini, alheri na nufa. Ta ce ta sani. Ta ce in tafi yau tukuna.

Kwana huɗu ban iya shiga kasuwa ba. Hajiyar Maraɗi ma jikinta ya yi sanyi, ta daina tsokanata, ta ce ko za a dafa ganyen shayi mai kauri a jiƙa shi kwana uku ya koma yadda yake. Da wannan shawarar na koma Tianhe, don ba ni da wata.

Na tarar da kwanon a cikin tukunya tana tafasa shi, karo na shida ke nan, don warin jabel ya fita. Da na faɗi shawarar sai ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. Ta ce a ƙasarsu ma akwai masu yin haka su sayar wa baƙi a matsayin tsohon kaya, amma launin a sama yake zama, ko'ina iri ɗaya, kamar fuskar da aka cika wa hoda. Na ce to babu yadda za a yi ya dawo? Ta ce akwai mana, shayi ɗaya kullum, shekara arba'in da uku.

Sannan ta ce, “Shekarata saba'in da huɗu. Ke fa?”

Na ce arba'in da shida.

Ta dube ni da sabon idonta ta ce, “Za ki iya kaiwa, in kin rage sukari.”

Ta tsamo kwanon, ta goge, ta naɗe a tsohon ƙyallensa ta ɗora mini a cinya. Na ce haba Malama, bayan abin da na yi kuma a ba ni kyauta? Ta ce ba kyauta ba ce, aiki ne, ita in ta kalle shi yanzu ba ta ganin kowa a ciki. Na ce to kin yafe mini? Ta ce in sake tambayar ta in ya fara launi.

Shekara bakwai ke nan. Kwanon yana Kano, a ɗakina, ba a kabad ɗin tangaran ba. Kullum bayan sallar asuba nake shan shayi a ciki, ba madara, sukari cokali ɗaya maimakon uku. 'Yan gidana sun san duk wanda ya kusance shi da soso zai ga tsiyata, har suna cewa kwanon Hajiya ya fi su gata. Ban taɓa sa baki a wurin malaminta ba, ban taɓa sa baki a wurinta ba, ta tsakiya nake sha. Tsagar ta fara fitowa, launin ƙasa-ƙasa, ta ƙasa ta fi duhu. Wani lokacin sai shayin ya huce ina nan ina bin layukan da ido, ina mamakin yadda wani ke yin duhu na kusa da shi bai yi ba.

Malama ta koma Japan shekara uku da suka wuce, ƙafa ta hana ta hawa bene. Duk bayan ƙaramar Sallah nake ɗaukar hoton kwanon, ciki da baki da gindi, in tura mata in ce, “Yanzu fa?” Amsarta kullum kalma ɗaya ce, tukuna. Har na saba, in ta iso in yi tsaki in yi dariya in ce tsohuwar nan akwai riƙo.

Bana amsar ta yi sati biyu ba ta zo ba, kullum ina duba waya. Da ta zo, 'yarta ce ta rubuta. Ta ce mahaifiyarta na kwance, yanzu da cokali ake ba ta ruwa, amma an nuna mata hoton ta daɗe tana kallo, ta gano ƙaramin tabon da na fara yi a tsakiya. Malama ta ce a gaya wa Hajiya ta daina sha ta tsakiya kamar baƙuwa, ta juya kwanon ta sha ta wurin da ita Malama take sa baki, wurin babu kowa yanzu.

Washegari na dafa shayin na zuba. Na nemo inda bakin ya lotsa, na juya shi ya koma can nesa da ni, na sa bakina a ɗaya gefen. Ina sha ina kuka, hawaye har cikin kwanon. Da na gama na ɗauraye shi da ruwan ɗumi na kife.